Kantar Littattafan Ɗan Katolika: Nazari kan Abin da Suke Yi wa Juna Wasiyyar Karantawa

Darasin kwatanta addinai a yawancin tsangayoyin nazarin Musulunci ya ginu ne a kan littattafai ƙalilan na raddi: Al-Jawabus Sahih na Ibnu Taimiyya, da Izharul Haƙƙi na Shaihu Rahmatullahi Al-Kairanawi, sai ƙasidun Ahmad Deedat da faya-fayan muhawarorinsa. Ayyuka ne masu nauyi, kuma babu mai adalcin da zai raina hidimar da suka yi. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba, wato da wa waɗannan malamai suka yi muhawara? Ibnu Taimiyya ya mayar da martani ne ga wata wasiƙa da ta zo daga Kiristocin tsibirin Ƙubrus, wadda asalinta rubutun Bulus Al-Anɗaki ne, bishop na garin Saida daga cikin Kiristocin gabas. Al-Kairanawi ya kara da Karl Pfander a Agra a 1854, shi kuwa ɗan mishan ne na Furotesta. Jimmy Swaggart da Deedat ya fuskanta a Amurka a 1986 mai wa'azin Fentikos ne. Ke nan ɗalibi na iya kammala digiri yana zaton ya san Kiristanci, alhali bai taɓa buɗe littafi ɗaya daga cikin waɗanda suka gina tunanin ɗariƙar Katolika ba, ɗariƙar da mabiyanta suka haura biliyan 1.3, kusan rabin Kiristocin duniya, kuma take da bishop a Kano da Sakkwato da Zariya da Maraɗi.

Giɓin ba ƙarami ba ne, domin tushen hujja ya bambanta. Furotesta ya ce Littafi kaɗai. Katolika ya ce Littafi da Gadon Coci, ƙarƙashin ikon fassara da ke hannun Fafaroma da bishop-bishop. Ko a kan adadin littattafan Baibul ba su daidaita ba: taron Trent ya tabbatar wa Katolika littattafai 73 a 1546, Furotesta kuwa 66 suka riƙe, kuma fassarar Hausa ta 1932 aikin 'yan mishan na Furotesta ce. Wanda addininsa ya dogara ga gado, littattafan da yake miƙa wa ɗansa da abokinsa ba ƙawa ba ne, wani sashe ne na yadda addinin ke isa gare shi. Don haka wannan maƙala ta ɗauki 'yan littattafan da ba a rasa su a duk inda masu karatu na Katolika suke yi wa juna wasiyyar karatu, ta auna su da ma'aunin ɗalibin Musulunci.

Hukuncin irin wannan karatu tsohuwar mas'ala ce. Akwai ruwayar Musnadu Ahmad a kan fushin Manzon Allah (SAW) da ya ga takardar Attaura a hannun Umar (RA), duk da maganar da masana hadisi suka yi a kan isnadinta, akwai kuma hadisin Buhari da ya yi sauƙi a kan ba da labari daga Bani Isra'ila. Ibnu Hajar a Fathul Bari ya raba tsakanin wanda ƙafarsa ta kafu a ilimi da wanda ba ta kafu ba. Al-Biƙa'i, wanda ya rasu a 885 bayan Hijira, ya ciro daga littattafan Ahlul Kitabi a tafsirinsa Nazmud Durar, As-Sakhawi ya yi masa ca, shi kuma ya rubuta littafi sukutum don kare kansa. Abin da ke tafe na masu bincike ne, ba manhajar Islamiyyar yara ba.

Wanda ya yarje da wanda ya hana

Mai karatu na Katolika bai taso da tunanin cewa zaɓen littafi sha'anin mutum ne shi kaɗai ba. Shekara 400 da ɗoriya Cocin Rum tana riƙe da kundin littattafan da aka haramta. Fafaroma Bulus na Huɗu ya fitar da na farko a 1559, aka sassauta shi a 1564 bayan taron Trent, aka kafa masa ofishi na musamman a 1571. Bugu na ƙarshe ya fito a 1948 da sunayen littattafai wajen 4,000, sannan aka soke ƙarfinsa na doka a watan Yuni na 1966, zamanin Bulus na Shida. Galileo ya shiga, Descartes da Kant sun shiga, ayyukan Sartre sun shiga gaba ɗaya. Darwin kuwa bai taɓa shiga ba, abin da ke nuna cewa kundin ya fi bin ƙarar da aka kai da siyasar lokaci fiye da wani tsari mai kan gado. Fassarar Alƙur'ani da Latin da aka buga a Basel a 1543 ita ma an haramta ta, kuma da wuya a raba wannan da kasancewar 'yan Furotesta ne suka buga ta. Amma a 1698 Ludovico Marracci, limamin da ya kasance mai sauraron iƙirarin Fafaroma Innocent na Sha Ɗaya, ya buga nassin Larabci da fassarar Latin a Padua, bayan ya kewaye su da raddi mai tsawo. Ƙa'idar a fili take: littafin abokin hamayya yana shigowa ne idan ya zo da maganinsa a ɗaure a wuyansa.

Abin da ya saura yau shi ne kalmomi biyu na Latin da ake gani a bayan shafin farko na littattafan addini: nihil obstat, wato mai tacewa bai ga abin hanawa ba, da imprimatur, wato bishop ya ba da izinin bugawa. Dokar Coci ta 1983 ta wajabta neman izini ga fassarorin Baibul da littattafan ibada da na koyar da aƙida. Ɗalibin da ya saba da taƙrizin malamai zai ga kama, amma akwai bambanci mai amfani gare shi. Taƙrizi yabo ne na malami da sunansa, ba ya ɗaure kowa. Imprimatur shaidar ofishi ce cewa babu saɓa wa aƙida a ciki, ba tare da an ce mai izinin ya yarda da ra'ayoyin marubucin ba. Mai binciken da ke son danganta magana ga Cocin Katolika sai ya san matakin littafin da ke hannunsa: shin matsayar taron bishop-bishop ce, ko littafin aƙida na hukuma da aka fitar a 1992, ko ra'ayin wani limami ne kawai. Kuskuren da aka fi yawaita yi a kundayen ɗalibai shi ne cakuɗa waɗannan matakai, kamar wanda zai ɗauki fatawar mai wa'azin kasuwa ya ce ita ce mazhabar Malik.

Agustin, ɗan Afirka

Idan aka ce ɗan Katolika mai karatu ya zaɓi littafi ɗaya bayan Baibul, sau da yawa Confessiones na Agustin zai ambata, wanda aka sani da Larabci da Al-I'itirafat. An haifi Agustin a 354 a Tagaste, inda Suƙ Ahras take yau a Aljeriya, ya rasu a 430 yana bishop na Hippo, wato Annaba ta yanzu. Ya rubuta littafin wajajen 397 zuwa 400, a kashi 13. Tara na farko tarihin rayuwarsa ne: karatunsa a Kartaj, shekara tara da ya yi cikin addinin Mani, koyar da balaga a Rum da Milan, haɗuwarsa da littattafan mabiya Aflatun da wa'azin bishop Ambrose, har zuwa ranar da ya ji muryar yaro yana cikin wani lambu a 386, ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, ya yanke shawarar juyowa. An yi masa baftisma a 387, mahaifiyarsa Monika ta rasu a shekarar.

An sha kwatanta littafin da Al-Munƙizu minad Dalal na Imam Al-Gazali, kuma kwatancen yana da dalili. Dukansu malamai ne da suka kai ƙololuwar ɗaukaka a fagen koyarwa, dukansu sun ratsa shakka, sun gwada mazhabobin zamaninsu ɗaya bayan ɗaya, sun bar kujera bayan jiki ya gaza: Agustin da ciwon ƙirji, Al-Gazali da ɗaurewar harshe a Nizamiyya ta Bagadaza a 488 bayan Hijira. Dukansu sun ce haske ne daga Allah ya fitar da su, ba jera hujjoji ba. Akwai ma haɗuwa mafi ban mamaki a kashi na 11, inda Agustin ya amsa wa masu tambayar abin da Allah yake yi kafin halitta da cewa zamani kansa abin halitta ne, don haka babu wani "kafin" da za a tambaya a kansa. Wannan ita ce amsar da Al-Gazali ya bai wa masu falsafa a mas'alar farko ta Tahafut, kusan shekara 700 bayan haka, kuma ba a san wata hanyar da rubutun Agustin ya bi ya isa gare shi ba.

Amma inda suka rabu ya fi koyarwa. Al-Gazali yana magana ne da wani ɗan'uwa a addini da ya tambaye shi, Agustin kuwa daga farko har ƙarshe da Allah yake magana, mai karatu ɗan saurare ne daga gefe. Kalmar confessio tana ɗauke da ma'ana biyu, amsa laifi da yabon Ubangiji, kuma ya riƙe su duka. Wannan ne ya bai wa littafin zafinsa. Al-Gazali bai faɗi wani laifi nasa ba in ban da guda: ya binciki niyyarsa a koyarwa ya tarar neman suna da matsayi ne. Agustin ya baje komai. Ya ba da labarin yadda yana shekara 16 shi da abokansa suka kakkaɓe 'ya'yan wani itace da ke kusa da gonarsu cikin dare, ba don yunwa ba, suka zubar wa aladu, sannan ya ɗauki shafuka yana tonon dalilin da ya sa mutum ke jin daɗin saɓo don kawai saɓo ne, da yadda taro ke sa mutum abin da ba zai yi shi kaɗai ba. Ya faɗi yadda yake roƙon Allah kamun kai alhali zuciyarsa na fatan a jinkirta amsar. Malaman tarbiyya sun daɗe da sanya wa wannan cuta suna, taswifi, amma da wuya a sami wanda ya siffanta ta daga ciki kamar yadda ya yi. A nan littafin ya cancanci sunansa.

Musulmi kuwa an hore shi da sitirta kansa, kuma hadisin masu bayyana saɓo sananne ne a Buhari da Muslim. Bambancin ba na kunya ba ne kawai. A addinin da furta zunubi ga limami ya zama sakramenti, har taron Lateran na Huɗu ya wajabta shi sau ɗaya a shekara a 1215, ba da labarin faɗuwa wani nau'i ne na ibada. A addinin da tuba take tsakanin bawa da Ubangijinsa ba tare da ɗan tsakiya ba, labarin ba shi da wannan gurbi. Shi ya sa adabin Katolika ya cika da labaran juyowa, adabin Musulunci kuma ya cika da tarajim da manaƙib.

Akwai wurare biyu da mai nazari ba zai wuce su shiru ba. Na farko matar da ya zauna da ita fiye da shekara 10, uwar ɗansa Adeodatus, wadda aka mayar Afirka don a nema masa auren da ya dace da matsayinsa. Ya ce rabuwar ta yi masa ciwo, amma mutumin da ya ba satar 'ya'yan itace shafuka bai ba wannan mata ko suna ba, kuma damuwarsa ta fi karkata ga sha'awarsa fiye da haƙƙinta. Ma'aunin laifi ya karkace a nan. Na biyu ya fi girma. A kashi na farko ya kawo misalin jaririn da ya ga yana harar ɗan'uwansa na shayarwa, ya mai da wannan shaida cewa ko jinjiri ba shi da tsarki daga zunubi. Daga wannan tsiro aƙidar zunubin gado ta girma a hannunsa lokacin rikicinsa da Pelagius, har ya kai ga cewa jaririn da ya mutu ba baftisma yana cikin halaka, ko da azabarsa ita ce mafi sauƙi. Nan ne mararrabar hanya. Hadisin fiɗira, da aya ta 37 ta Baƙara a kan karɓar tubar Annabi Adamu (AS), da aya ta 164 ta An'am a kan cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani, sun rushe ginin daga tushe. In babu zunubin gado, buƙatar fansa ta gicciye ta rasa madogara. Ɗalibin da ya fahimci wannan daga bakin Agustin kansa ya riƙe zaren da ya ɗinke aƙidar Kiristancin yamma. Ita ma Cocin ba ta zauna lafiya da tsananin ba: a 2007 kwamitin malaman tauhidinta na duniya ya fitar da takarda cewa akwai dalilin fatan tsira ga irin waɗannan jarirai.

Littafi na biyu da ba a rasa shi shi ne De Imitatione Christi, da Larabci Al-Iƙtida'u bil Masih, wanda ake dangantawa ga Tomas Kempis, rahibin da ya rayu kusa da Zwolle a ƙasar Holan ya rasu a 1471. Ƙaramin littafi ne mai kashi huɗu, gajerun jimloli a kan ƙanƙan da kai, tuna mutuwa, ƙarancin magana da gudun yabo. Wanda ya karanta Hikam na Ibnu Aɗa'illah ko Ayyuhal Walad zai riƙa jin kamar ya san unguwar, musamman inda marubucin ke gargaɗin malamin da iliminsa bai gyara shi ba. Kashi na huɗu, a kan ibadar gurasa da ruwan inabi, shi ne ke tunatar da cewa gida daban ne. Raunin littafin kuwa a abin da ya yi shiru a kansa yake. Don ruhubanawa aka rubuta shi, saboda haka babu mata a ciki, babu 'ya'ya, babu kasuwa, babu maƙwabci mai haƙƙi. Fita cikin mutane asara ce a wurinsa. Ihya'u ya keɓe rubu'i guda ga ladubban ci da aure da neman halali da zumunci da tafiya, ya mai da su hanyar kusanci. Aya ta 27 ta Suratul Hadid ta haɗa yabon tausayin mabiyan Annabi Isa (AS) da bayanin cewa ruhubananci su suka ƙaga shi, kuma littafin Kempis tamkar sharhi ne ga ɓangarorin ayar biyu.

Bashin da aka ci da raunin da aka yi

Tomas Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ba littafin dare ɗaya ba ne, kuma 'yan Katolika kansu sun fi saninsa ta taƙaitawa. Fafaroma Leo na Sha Uku ya mai da tunaninsa ginshiƙin karatun limamai a 1879. Ɗalibin ilimin kalam zai fi ɗan Katolika na yau saurin gane shi, domin abokan hirarsa sanannu ne: Ibnu Rushd, wanda yake kira Mai Sharhi kawai, da Ibnu Sina, wanda ya ɗauki rarrabewarsa tsakanin mahiyya da wujudi, da Al-Gazali, wanda Turawan lokacin suka ɗauka ɗan falsafa ne saboda Maƙasid ya iso musu. Maganganu biyu nasa suna da daraja ga mai muhawara. Ya yarda cewa hankali kaɗai ba zai iya tabbatar da taslisi ba, ya kuma ce da Musulmi sai dai a yi magana da hujjar hankali tun da ba su ɗauki Baibul hujja ba. Amma a babi na shida na farkon Summa contra Gentiles, da ya zo kan Manzon Allah (SAW), mutumin da ke kawo hujjar abokin hamayya a mafi ƙarfin surarta kafin ya amsa ya watsar da wannan ɗabi'a, ya maimaita ƙagen zamaninsa ba bincike.

Haka lamarin yake, har ya fi muni, a waƙar Dante, wanda ya rasu a 1321. Commedia tafiya ce a wuta da matsakaici da aljanna cikin babi 100, kuma Fafaroma biyu, a 1921 da 2021, sun fitar da takardun girmama ta. Dante ya ajiye Ibnu Sina da Ibnu Rushd da Salahuddin a farfajiyar da babu azaba, tare da manyan Girkawa. A babi na 28 na kashin wuta kuwa ya ci zarafin Fiyayyen Halitta (SAW) da Sayyidina Ali (RA) da siffar da alƙalamin Musulmi ba zai maimaita ba, bisa jahilcin da ya yaɗu a Turai cewa Musulunci ɓaraka ce daga Kiristanci. Hasan Usman, wanda ya fassara waƙar zuwa Larabci a Masar, ya cire baitocin. Cewa Dante ya jefa wasu Fafaroma ma a wuta ba ya rage komai daga laifin, sai dai yana nuna cewa masu karatunsa ba su ɗauki hukunce-hukuncensa aƙida ba. Wanda ya tono bashin da waƙar ta ci kuwa limamin Katolika ne daga Sifen, Miguel Asín Palacios, wanda a 1919 ya kwatanta tsarinta da ruwayoyin Isra'i da Mi'iraji da rubutun Ibnu Arabi. An yi masa musu da cewa Dante bai san Larabci ba, sai a 1949 aka buga wani littafin Mi'iraji da aka fassara zuwa Latin da Faransanci a fadar Alfonso na Goma tun ƙarni na 13. Wannan ya tabbatar da cewa hanyar tana nan. Bai tabbatar da cewa Dante ya bi ta ba, kuma marubutan Musulmi da ke faɗin haka a matsayin yaƙini sun wuce abin da hujja ta ba su.

Newman da ainihin wurin saɓani

Littafin da ya fi cancanta a sa a manhaja shi ne wanda ba a cika jin sunansa a tsangayoyi ba: nazarin John Henry Newman a kan bunƙasar aƙidar Kirista. Newman babban malamin Cocin Ingila ne a Oxford. Ya fara rubuta littafin yana ɗan Angilikan, ya koma Katolika a watan Oktoba na 1845 kafin ya kammala shi, ya zama kadinal a 1879, aka sanya shi cikin waliyyan Coci a 2019.

Hujjar da ɗalibi ya fi dogara da ita ita ce tarihi: taslisi bai sami lafazinsa na hukuma ba sai a taron Nikiya na 325 da na Ƙusɗanɗiniyya na 381, tsarkin Maryam daga zunubin gado sai a 1854, rashin kuskuren Fafaroma sai a 1870, ɗauke Maryam zuwa sama da jikinta sai a 1950, ba tare da nassi bayyananne a Sabon Alkawari ba. Wannan hujja tana cizon wanda ya ce Littafi kaɗai. Wanda ya karanta Newman kuwa zai amsa da cewa haka ne, kuma haka ya kamata. A wurin Newman wahayi kamar iri ne da aka shuka a zukata, yana buɗewa a hankali cikin ƙarnoni, kuma abu mai rai dole ya canza kama. Ya mai da tuhumar ta zama shaida. Ya kawo alamomi bakwai na bambance bunƙasa ta gaskiya da gurɓacewa, daga ciki akwai riƙe siffar asali, da ikon haɗiye abin waje ba tare da narkewa ba, da daɗewa cikin ƙarfi.

Littafi ne na mai kaifin basira, amma alamominsa ba sa yanke hukunci. Daɗewa cikin ƙarfi siffa ce da addinai da yawa za su yi iƙirarinta. Haɗiye abin waje shi ne daidai abin da mai suka zai kira cakuɗa da al'adun Girka da Rum, kuma alamar ba ta faɗi yadda za a gane wanda ya haɗiye wani ba. Newman ya san haka, shi ya sa ya ce bunƙasa tana buƙatar hukuma marar kuskure da za ta tantance ta. To amma rashin kuskuren wannan hukuma shi kansa ɗaya ne daga cikin abubuwan da suka bunƙasa. Masana manɗiƙi suna kiran wannan dauri.

Adalci ya sa a faɗi martanin da ɗan Katolika mai ilimi zai mayar, domin zai mayar: usulul fiƙhi da musɗalahul hadisi da ilimin kalam duk bayan sahabbai suka tsaru, kuma Musulmi na da ijma'i. Amsar tana buƙatar natsuwa. Waɗancan ilimai kayan aiki ne na fahimtar nassin da aya ta 3 ta Ma'ida ta bayyana cikarsa, kuma mujtahidi yana dacewa yana kuskure. Ijma'i a wurin jumhur sai da madogara daga nassi, ba shi da kujera ko ofishi, kuma babu ranar da wani zai tashi ya ƙara rukuni a kan rukunan imani. Ko ɗan Katolika ya gamsu ko bai gamsu ba, a nan ne muhawarar take: wa ke da ikon faɗin abin da ya wajaba a yi imani da shi bayan tafiyar annabi. Ƙidayar saɓanin ayoyin Baibul ba ta kai wa nan.

Ƙarni na 20 ya ƙara wa kantar wani launi. Tarihin rayuwar Thomas Merton na 1948, wanda ya aro sunansa daga dutse mai hawa bakwai na waƙar Dante, labarin juyowa ne irin na Agustin da rigar Amurka, kuma yana da ɗokin sabon shiga da raina waɗanda ke waje. Merton na baya ya fi armashi: rahibin da ya yi shekaru yana musayar wasiƙu da wani Musulmi ɗan Pakistan mai suna Abdul Aziz, yana karanta Ibnu Abbad Ar-Rundi mai sharhin Hikam, har ya rasu a Bangkok a 1968. A tsakanin nan ne taron Batikan na Biyu ya fitar da Nostra Aetate a ranar 28 ga Oktoba 1965, inda ya ambaci Musulmi da girmamawa a kan bauta wa Allah ɗaya da salla da sadaka da azumi da girmama Annabi Isa da Maryam. Sakin layin bai ambaci Manzon Allah (SAW) ko Alƙur'ani ba, kuma shirun nan na ganganci ne. Mai nazari sai ya karanta abin da aka faɗa da abin da aka bari tare.

Su dai ba su yi sakaci da karanta littattafan Musulmi ba. Suna da cibiya a Rum don nazarin Larabci da Musulunci, mai fitar da mujallar Islamochristiana tun 1975. A Nijeriya ma Joseph Kenny, limamin Katolika da ya koyar a Jami'ar Ibadan, ya yi digirinsa na uku a kan aƙidar Imam As-Sanusi, ya kuma fassara Risalar Ibnu Abi Zaid zuwa Ingilishi, wato littattafan da ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya.

Ɗalibin da Larabci ne harshen karatunsa ba shi da uzurin rashin hanya, domin Agustin da Kempis da Akwinas duk an fassara su, mafi yawa a hannun Kiristocin Lebanon. Haɗarin da ke wurin na kalmomi ne. Ni'ima a Larabcinsu ba arziki da lafiya ba ce, taimako ne na Ubangiji da ke warkar da ɗabi'ar da zunubin gado ya raunana. Sirri a wurinsu sakramenti ne, i'itirafi kuma furta zunubi ga limami. A Hausa ma tarkon yana nan. Musulmi in ya ji ceto, shafa'ar ranar alƙiyama yake nufi, da izinin Allah ga wanda Ya yarda. Kirista Bahaushe in ya ce ceto, kuɓuta yake nufi ta hanyar mutuwar Almasihu a kan gicciye, alheri kuma shi ne abin da Larabcinsu ya kira ni'ima. Kundin bincike da aka rubuta da Hausa a wannan fage yana buƙatar shafi a farkonsa da zai fayyace wace ma'ana ake nufi da kowace daga cikin waɗannan kalmomi, da kuma a bakin wa.